TARIHIN HANNUN DA AKA HANA AIKI

Yau tarihi za mu karanta. Amma ba tarihin sarauta ba ne, ba kuma na yaƙi ba. Tarihin hannu ne, hannun macen da aka yi wa aikin sankarar nono, ta warke, ta dawo gida, bayan wata shida ko shekara guda sai hannun ya soma kumbura.

Wataƙila kun taɓa ganin irinta a kasuwar Dogon Dutsi, ko ta Matankari, ko wajen biki a Tibiri. Hannu ɗaya lafiya lau, ɗayan kuwa ya yi kauri, ya yi nauyi, awarwaro ya ƙi shiga. Wani ya ce jifa ne. Wani ya ce likita ne ya ɓata aiki. Masu aikin likita suna kiran wannan kumburi lanfedem. Da aka haɗa lissafin ƙasashe masu yawa a 2013, an ga cikin mata 5 da aka yi wa maganin sankarar nono, wajen guda ta kan same shi.

To, mace mai irin wannan hannu, ta yi aiki da shi ko ta bar shi ya huta? Shekaru masu yawa likitocin duniya suna ba da amsa guda. Daga baya suka sake ta. Ga yadda abin ya faru.

RUWAN DA BA JINI BA

Kowa ya san jini. Amma cikin jikin mutum akwai wani ruwa na biyu, fari-fari, irin wanda ke fitowa idan bororon ƙuna ya fashe. Wannan ruwa daga jini ya ke tsattsafowa, ya jiƙa nama, ya kwashe dauɗa da ƙwayoyin cuta, sa'an nan ya bi waɗansu hanyoyi sirara ya koma cikin jini kusa da wuya. A kan hanyarsa akwai waɗansu ƴan ƙwayoyi kamar wake, su ne ke tace shi. Kun san su. Idan yaro ya yi miki a ƙafa, aka ce kaluluwa ta fito masa a matsematsi, ai su ne suka kumbura. A hammata guda akwai wajen 20 zuwa 40.

Mahauta da wanzamai sun daɗe da sanin kaluluwa. Hanyoyin ne ke da wuyar gani. A shekarar 1622 wani likita a birnin Milan na ƙasar Italiya, sunansa Gaspare Aselli, ya buɗe cikin wani kare da bai daɗe da cin abinci ba. Sai ya ga waɗansu fararen zaruruwa a jikin hanji. Ya yanka guda, sai ruwa kamar madara ya fito. Bayan shekara 30 waɗansu masana biyu, Thomas Bartholin a Danmak da Olaus Rudbeck a Suwidin, suka nuna cewa irin waɗannan hanyoyi suna ko'ina cikin jiki.

Ga abin da na ke so ku riƙe, don shi ne gindin maganar duka. Jini yana da zuciya mai tura shi. Wannan farin ruwa ba shi da ita. Hanyoyin suna ɗan matsa kansu, amma babban mai taimakonsu shi ne motsin tsoka da numfashi. Duk sa'ad da tsoka ta ɗaure ta saki, sai ta matse hanyar, ruwan ya yi gaba. Cikin hanyar kuma akwai ƴan ƙofofi da ke hana shi komowa baya.

Ku tuna da ruwan sama idan ya sauko daga duwatsun Dogon Dutsi. In korama a buɗe ta ke, ya kan wuce zuwa tabki. In an toshe ta, sai ya kwanta cikin unguwa. Haka hannu ya ke. Yawancin ruwan hannu ta hammata ya ke wucewa.

WUƘAR HALSTED

Sankarar nono tsohuwar cuta ce, kuma da can wadda ta kama sai dai a yi mata addu'a. In an yanke ƙullutun ma, ya kan dawo. A ƙarshen ƙarni na 19 wani likitan fiɗa na Amurka, William Halsted, wanda ya yi aiki a asibitin Johns Hopkins na birnin Baltimo, ya ce dalilin dawowarta shi ne ba a yanka da faɗi. Sai ya riƙa cire nonon duka, da tsokar ƙirji da ke ƙarƙashinsa, da ƙwayoyin hammata gaba ɗaya, don ta nan cutar ta kan fara yaɗuwa. A 1894 ya buga labarin mata 50 da ya yi wa wannan aiki. Wato shekara 5 ke nan kafin sojan Voulet su auka wa Sarauniya a Lugu.

Kada mu yi wa mutumin rashin adalci. A hannunsa cutar ba ta cika dawowa a wurin da aka yanka ba, kuma mata da yawa sun ƙara kwana ta dalilinsa. Shi ya sa likitocin duniya suka bi hanyarsa har wajen shekara 80. Amma wanda ya kwashe ƙwayoyin hammata ya toshe korama. Mata suka riƙa dawowa da hannu kamar turmi.

Shi kansa Halsted abin ya dame shi. A 1921, shekara guda kafin rasuwarsa, ya rubuta takarda a kan wannan kumburi, ya ba shi suna da ke nufin tundurmin da fiɗa ta jawo. Ya lura cewa matan da mikinsu ya ruɓa, ko waɗanda hannunsu ke yawan yin ja da zafi, su ne kumburinsu ya fi muni. Nan ya yi gaskiya, kuma har yau maganarsa tana nan.

Sunan da ya zaɓa ya dace. Tundurmi da muka sani a ƙafa, da wannan kumburin hannu, ɗan wa da ɗan ƙane ne. Dukansu toshewar hanyar farin ruwa ce. Bambancinsu shi ne mai toshewar. A tundurmi wata ƴar tsutsa ce da sauro ke kawowa, shi ya sa tun 2007 aka shiga rabon ƙwayoyin maganinta gari gari a Nijar. A hannun mai sankara kuwa babu tsutsa. Wuƙa ce, ko hasken na'urar da a ke gasa cutar da shi. Don haka ba a ɗaukarsa wajen cin abinci tare, ba ya bin ɗiya ta nono, kuma ƙwayar tundurmi ba ta yi masa kome.

KADA KI ƊAUKI KOME

Da likitoci suka ga hannuwa suna kumbura, sai tsoro ya kama su. Suka yi tunani kamar haka: idan hannu ya yi aiki, jini ya kan ƙaru cikinsa. Idan jini ya ƙaru, farin ruwa ma zai ƙaru. Hanya kuwa a toshe ta ke. Ashe gara a bar hannun ya zauna. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sai aka riƙa ba mata doka. Kada ki ɗauki abin da ya wuce kilo 2, wani likitan ya ce kilo 5, wani ya ce 7. Kada ki ɗauki jakar cefane da wannan hannu. Kada ki yi aikin da a ke maimaita motsi guda sau da yawa. Aka sami mata da suka shekara ba su ɗauki jikansu ba. Wannan doka ta bi littattafan likita da takardun da a ke ba marasa lafiya har ƙarshen ƙarni na 20. Abin mamaki, ba wanda ya taɓa auna ta ya ga ko gaskiya ce. Hankali ya ɗauke ta, shi ke nan, malami ya koya wa almajiri, almajiri ya koya wa nasa.

Me doka ta haifar? Hannun da ba ya aiki tsokarsa ta kan rame. Kafaɗa ta sandare. Ranar da dole ta kama, mace ta sungumi yaro da ya faɗi, ko ta ja wani kaya, sai raunannen hannun ya ji ciwo, kumburin ya tashi. Sai a ce, kin gani ko, ai mun faɗa miki. Alhali zaman ne ya raunana shi.

Ba kowa ya naɗe hannu ba a wannan zamani. Tun 1892 wani likita da ke aiki a ƙasar Beljik, Alexander von Winiwarter, ya rubuta cewa a ɗaga gaɓar da ta kumbura, a yi mata tausa, a naɗe ta. A 1932 wani mutumin Danmak, Emil Vodder, da matarsa Estrid, suna aikin tausa a kudancin Faransa, suka ƙago wata tausa marar ƙarfi, kamar shafa, mai kora ruwan zuwa wajen da hanya ke buɗe. Suka nuna ta a Paris a 1936. Daga baya, a shekarun 1970 da 1980, waɗansu likitoci mata da miji a Jamus, Michael da Ethel Földi, suka haɗa abu huɗu wuri guda: tsabtar fata, da wannan tausa, da naɗi, da motsa hannu yana cikin naɗin. Har yau da wannan haɗi a ke rage babban kumburi.

Akwai kuma wata mata a birnin Niyok, Terese Lasser. An yi mata aikin Halsted a 1952. Da ta farka ba wanda ya gaya mata yadda za ta yi da hannunta. Da ta warke sai ta riƙa shiga asibitoci tana gaida matan da aka yi wa aiki, tana kai musu ƴar ƙwallo ta matsawa da igiya ta ja, tana nuna musu yadda za su hau bango da yatsu. Waɗansu likitoci suka kore ta. Ba ta daina ba. A 1969 babbar ƙungiyar yaƙi da sankara ta Amurka ta karɓi aikinta. Amma duk wannan motsi ne marar nauyi. Dokar hana ɗaukar kaya tana nan daram.

Wuƙar ma ta ragu. A 1981 Umberto Veronesi na Milan ya nuna, bisa mata 701, cewa idan ƙullutun ƙarami ne, cire yankin nono kaɗai tare da gashin na'ura daidai ya ke da cire shi duka. A farkon shekarun 1990 kuma aka koyi zuba wani shuɗin ruwa don a gane ƙwayar hammata ta farko da cutar za ta bi, a cire ta ita kaɗai a duba. Matan da aka yi wa haka, kumburin hannu ya ragu gare su har wajen ninki huɗu. Sai dai wannan sa'a ta wadda ta je da wuri ce.

MATA 24 CIKIN JIRGIN RUWA

Wanda ya fara taka dokar a fili shi ne Don McKenzie, likitan ƴan wasanni a jami'ar birnin Bankuba ta ƙasar Kanada. Ya nemi hujjar dokar cikin littattafai, bai samu ba. Sai ya ce bari a gwada da aikin da aka fi hanawa. Akwai wani dogon kwalekwale na tsere da aka gado daga ƙasar Sin, mai kan dodo a goshi. Mutum 20 ke tuƙa shi, ga mai ganga a gaba yana ba su kiɗa, kamar dai yadda makaɗi ke zuga ƴan gayya a gona. Tuƙinsa aikin hannu ne da kafaɗa, motsi guda sau ɗaruruwa.

A farkon 1996 mata 24 da aka yi wa maganin sankarar nono suka ba da kansu. Ku duba ƙarfin halin waɗannan mata. Kowace likitanta ya gargaɗe ta. Kowace ta san in abin ya ɓaci, hannunta ne, ba na McKenzie ba. Amma ku lura da abu guda, bai jefa su cikin jirgi ran farko ba. Sai da suka yi watanni suna miƙa gaɓoɓi, suna ƙarfafa tsoka kaɗan kaɗan, ana auna hannuwansu. A watan Yuni suka shiga tsere a gaban jama'a. Ba wadda ta sami sabon kumburi. Ya buga labarin a 1998. Yau akwai irin waɗannan ƙungiyoyi na mata masu tuƙi a ƙasashe da yawa.

Masu shakka suka ce mata 24 sun yi kaɗan, kuma ba a gwada su da waɗanda ba su yi tuƙi ba. Wannan magana tana da kai. Gona guda ba ta isa a yabi iri.

AN RABA SU DA ƘURI'A

Wata malamar jami'ar Pensilbaniya a birnin Filadelfiya, Kathryn Schmitz, ita ta yi babban awon. Ta tara mata 141 waɗanda hannunsu ya riga ya kumbura. Aka raba su biyu da ƙuri'a, don kada a ce an zaɓi masu ƙarfi. Kashi guda suka ci gaba da zamansu yadda suka saba. Kashi na biyu suka riƙa ɗaga ƙarfe sau 2 a mako har shekara guda. Mako 13 na farko da malami a kansu. Sun fara da abin da bai wuce rabin kilo ba, ana ƙarawa kaɗan kaɗan in hannu bai yi ƙara ba. Kowace tana sanye da doguwar safar hannu mai matsewa sa'ad da ta ke yi.

A 2009 aka buga sakamako. Girman hannu bai fi ƙaruwa ga masu ɗaga ƙarfe ba. Ƙarfinsu ya ƙaru, nauyi da ciwon da su ke ji ya ragu. Ga kuma babban abin: tashin kumburi irin wanda sai an koma ga likita ya sami 14 cikin 100 na masu ɗaga ƙarfe, amma 29 cikin 100 na masu hutawa. Wato masu bin tsohuwar doka su ne suka fi wahala, har ninki biyu.

A 2010 ta buga na biyu, a kan mata 154 da hannunsu bai kumbura ba tukuna. Cikin waɗanda aka cire wa ƙwayoyin hammata 5 ko fiye, kumburi ya kama 7 cikin 100 na masu ɗaga ƙarfe, da 22 cikin 100 na sauran. A shekarar nan kuma wani awo a ƙasar Sipaniya ya nuna amfanin fara kula da hannu da motsa kafaɗa tun makonnin farko bayan aiki. Na Ingila, a kan mata 392, ya fito a 2021, shi ma ya goyi bayan motsi.

Kada ku karanta abin da ban rubuta ba. Motsa hannu ba ya sake tsiro da ƙwayoyin da aka cire. Kumburin da ya zauna ba ya tafiya gaba ɗaya, lallaɓa shi a ke yi har iyakar rai. Abin da awon ya nuna shi ne, aiki na sannu sannu ba ya ɓata hannu, yana kare shi.

A ƘASARMU

Sankarar nono ita ce kan gaba cikin sankarar da ke kama mata a Nijar. Tun 1992 a ke rubuta lissafin masu ita a Yamai. A 2007 gwamnati ta yi dokar ɗauke wa mata kuɗin maganin sankarar nono da ta mahaifa a asibitocinta. A 2021 aka buɗe ɗakin gashin na'ura na farko a cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa a Yamai. Kafin nan wadda ke bukatarsa sai an kai ta ƙasar waje, in da hali.

Matanmu da yawa ba su isa wurin likita sai ƙullutu ya girma, ya kai hammata. Wata kunya ta hana ta, wata kuɗin mota, wata an daɗe ana shafe-shafe a gida. In ta isa a haka, dole likita ya cire nonon, ya kwashe hammata, wataƙila a ƙara da gashi. Waɗannan su ne suka fi jawo kumburi. Saboda haka yayin da magani ke ƙaruwa, mata ke rayuwa su dawo Arewa, irin wannan hannu ma zai ƙaru a garuruwanmu. Masu aikin motsa gaɓoɓi, waɗanda a ke ce wa kine, a manyan birane suka fi yawa. Daga Dogon Dutsi zuwa Yamai ya fi kilomita 250. Ashe yawancin aikin a tsakar gida za a yi shi.

A nan ne na ke ganin tarihinmu ya sha bamban da na Amurka. Su matsalarsu hutu ne ya yi yawa. Mu wa zai ce wa macen Gesheme ko ta Dan Kasari ta shekara ba ta taɓa taɓarya ba? Tamu matsalar iri biyu ce. Wata tana dawowa daga asibiti, miki ya rufe, sai a ce ai ta warke, gobe ta koma rijiya. Wata kuma tsoro ya sa ta rungume hannun a ƙirji wata da watanni, har kafaɗa ta ƙage. Duka biyu ɓata ne. Matan jirgin ruwa da na Filadelfiya ba hutawa suka yi ba, ba kuma afkawa suka yi ba. Tsani suka hau, taki ɗaya bayan ɗaya.

DAGA KWALBA ZUWA TAƁARYA

Ke ƴar'uwa, likitan da ya yi miki aiki shi zai faɗi ranar farawa. Galibi a makon farko, tun robar da ke janye ruwa tana jikin miki, ba a ɗaga hannu ya wuce kafaɗa. Amma yatsu da wuyan hannu da gwiwar hannu suna iya motsi tun daga gado. Ki dunƙule ki buɗe. Ki ja numfashi mai zurfi har ciki ya taso, ki sake a hankali, don numfashi yana jan ruwan zuwa ƙirji. Bayan an ba ki izini, ki tsaya gaban bangon ɗaki, ki hau shi da yatsu kamar tafiyar gizo, har inda kika ji ja amma ba zafi ba. Ki yi alama da gawayi. Mako mai zuwa za ki ga kin wuce ta. Ki riƙe sanda da hannu biyu, mai lafiya ya taimaki ɗan'uwansa zuwa sama.

Ba mu da ƙarafan Filadelfiya, amma muna da ma'auni mai kyau. Lita guda ta ruwa kilo guda ce. Kwalbar roba ta rabin lita, ga rabin kilo ke nan. Bayan wata guda ko fiye, in miki ya warke, ki fara da ita. Ki lanƙwasa gwiwar hannu sau 10, ki ɗaga gaba sau 10, ki ɗaga gefe sau 10, ki huta. Sau 2 ko 3 a mako ya isa. In kin yi mako biyu hannu bai ƙara nauyi ba, ki ƙara ruwa kaɗan. In ya yi nauyi ko ya ƙara kauri har ya kwana bai sauka ba, ki koma baya taki guda. In rashin lafiya ko tafiya ta sa kin bari na makonni, kada ki ɗora daga inda kika tsaya, ki sauko ƙasa ki sake hawa. Wadda hannunta ya riga ya kumbura, in ta sami safar matsi ko naɗi daga likita, ta sa shi lokacin motsi. Kada a naɗa da tsumma ko roba a gida yadda aka ga dama. Naɗin da ya shaƙe dantse ya bar yatsu suna kumbura ya fi rashinsa muni.

Da wannan ma'auni sai ki auna aikin gida. Tsintar wake, tankaɗe, saƙar faifai da shara su ne matakin ƙasa. Ƙaramar ƙwarya ta ruwa tana tsakiya. Sussuka da daka da jan guga suna can sama, balle a garuruwan tudu inda rijiya ke da zurfi, ba kamar cikin fadamar Dallol Mauri ba. Bido mai lita 25 kilo 25 ne, ninki 50 na kwalbar da kika fara da ita. Za ki iya kaiwa ga daka, amma da ƴan lugude kaɗan za ki fara, wata ta karɓa.

Kai kuma maigida, nan ne naka aikin. Watannin nan na hawa tsani, wani ne zai ɗauki ruwa, wani ne zai biya kuɗin injin niƙa. In ka ga tana wasa da kwalba a gindin bango alhali abokiyar zamanta tana daka, kada ka bari a kira ta raguwa. Kai za ka yi wa uwarka da sauran mutanen gida bayani, don bakinka ya fi nata nauyi a wannan wuri. Kuɗin niƙa na wata shida bai kai kuɗin mota guda zuwa Yamai da jinya ba.

Saura maganar Halsted ta 1921. Hannun da ruwa ya kwanta cikinsa ba ya iya faɗa da ƙwayoyin cuta sosai, kuma kowane ruɓa yana ƙara toshe sauran hanyoyin. Don haka abin da a ke koya wa masu tundurmi shi ne naki: wanki da sabulu kullum, a tsane tsakanin yatsu, a shafa man kaɗe kada fata ta tsage. Ki yi hankali da ƙaya da ƙarangiya da bakin murhu. Ƙaramin yanka ma a wanke shi nan take. Wanzami yana da aikinsa, amma ba a wannan hannu ba. Ƙaho da tsaga da sakiya ba su fitar da wannan ruwa, ƙofa su ke buɗe wa cuta. Awarwaro da zobe da kambu, a mai da su ɗaya hannun. In kin kwanta, ki ɗora shi bisa matashi.

Ranar da hannun ya yi ja, ya yi zafi, jiki ya ɗauki masassara, a bar motsi, a tafi gidan likita a ranar, ko da dare ne, don wannan sai da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Haka kuma kumburin da ya zo farat ɗaya, ko ya zo da ciwo mai tsanani, ko da sabon ƙullutu a hammata ko gindin wuya, likita ya kamata ya fara gani, don yana iya zama gudan jini ne ya toshe jijiya, ko cutar ce ta motsa.

Yawancin kumburin nan cikin shekara 2 ko 3 na farko ya ke fitowa, kuma tun yana ƙarami ya fi jin magani. Ku da kuka koyi rubuta lamba, ga inda karatunku zai yi rana. Ku ari awon tela. Sau ɗaya a wata, da safe, ku auna hannu biyu a wuri uku: wuyan hannu, da santimita 10 ƙasa da gwiwar hannu, da santimita 10 sama da ita. Ku ja layi a tsakiyar takarda, dama a gefe guda, hagu a gefe guda, ku sa kwanan wata. In hannun da aka yi wa aiki ya soma fin ɗan'uwansa da santimita 2 a wuri guda, ku kai wa manjo takardar, kada ku jira ranar da aka ce ta koma Yamai.